Dankalin Bokkos, Ludayin Mai da Maganar Rage Ƙiba

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada ta Jos da sanyin safiya ya ga yadda ake sauke buhunan dankalin Turawa daga motocin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, ƙasar gona ko kakkaɓewa ba ta yi daga jikinsa ba. A ɗebi kwando guda a kasa shi uku. Kason farko a wanke a dafa shi da ɓawonsa: giram 100 ba zai kai kalori 90 ba (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, wanda rararsa ke zama kitse). Na biyu a fere, a yanka, a tsoma a tafasasshen mai, yadda muke yi idan za a karya da dankali da ƙwai: giram 100 ɗin nan ya doshi kalori 300. Na uku a kai shi masana'anta a yanka fale-fale kamar takarda, a soya har ruwan jikinsa ya ƙone, a barbaɗa gishiri da kayan ɗanɗano, a ɗura a leda mai walƙiya: ya haura 500. Gona ɗaya, manomi ɗaya, damina ɗaya. Abin da aka yi wa dankalin tsakanin gona da baki shi ne ya raba su.

Kusan duk maganar da likitoci ke yi a kan cin abincin da bai sha sarrafawa ba tana cikin wannan kwandon. Sai dai yadda maganar ke iso mana ta waya, da hotunan wasu 'ya'yan itatuwa da ba a noma su a ƙasar nan, ya sa da yawa suka ɗauka harka ce ta masu kuɗi. Wasu kuma suka juya ta, suka ce ai shi ke nan, duk abin da kaka ta girka magani ne, duk abin da ya fito daga leda guba ne. Duka biyun akwai gyara.

A 1995 wata mai bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Susanna Holt, da abokan aikinta suka gwada nau'in abinci 38. Kowanne aka auno gwargwadon kalori 240 aka ba mutane, sannan aka riƙa bibiyar yadda suke jin ƙoshi har tsawon awa biyu. Farin burodi aka sa ya zama ma'auni, aka ba shi maki 100. Dafaffen dankali ne ya zo na ɗaya, da maki 323. Soyayyensa 116 ya samu. Lemon zaƙi da aka ci da totuwarsa ya haura 200. Dalilin ba boyayye ba ne: ciki ba ya ƙidaya kalori, cika da nauyi yake fara ji. Kafin mutum ya haɗa kalori 240 daga dafaffen dankali sai ya ci fiye da rubu'in kilo, mafi yawansa ruwa. Daga na leda kuwa, ɗan abin da bai kai giram 50 ba ya isa, ana hira za a cinye shi ba a san an ci ba.

Wanda ya fito da wannan batu fili a duniyar bincike wani farfesa ne a Jami'ar Sawo Paulo ta Barazil, Carlos Monteiro. Ya lura da abin ɗaure kai a ƙididdigar cefanen gidajen ƙasarsu: sayen suga da man girki yana raguwa, amma ƙiba sai ƙaruwa take. Ashe sugan da man ba su bar gidajen ba, sun canza riga ne, suna shigowa a cikin biskit da lemon kwalba da taliyar leda. Daga 2009 shi da abokan aikinsa suka fara kasa abinci gwargwadon irin sarrafawar da ya sha, tsarin da daga baya aka sa wa suna NOVA, mai rukuni huɗu. Na farko shi ne abin da ya fito daga gona ko garke ba a yi masa komai ba sai wanki, shanya, niƙa ko dafuwa: wake, gero, dawa, ƙwai, nama, nono, ganye. Na biyu kayan haɗi ne, mai da gishiri da suga da zuma. Na uku abin da aka haɗa daga waɗannan biyun ta hanya mai sauƙi, kamar kifin gwangwani da cuku. A fahimtata ƙuli-ƙuli da kilishi nan za su zauna. Na huɗu shi ne wanda ake ta cece-kuce a kansa, abincin da aka wargaza amfanin gona aka ɗebo sitaci daban, mai daban, zaƙi daban, aka sake ƙera shi da launi da ƙamshi da sinadaran hana lalacewa. Hanyar gane shi mai sauƙi ce. Juya ledar ka karanta abin da aka zuba. Idan ka ga sunayen da babu matar da ke da su a madafinta, to shi ne.

An daɗe ana cewa ɗora wa abincin masana'anta laifin ƙiba duk zato ne, wai masu cin irin wannan abincin dama can ba sa motsa jiki. Sai a 2019 Kevin Hall, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, ya kwantar da mutum 20 a asibitin cibiyar na tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu ana ba su wanda bai sha sarrafawa ba. An daidaita abin da ake ajiye musu ta fuskar kalori da suga da mai, aka ce kowa ya ci har ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta, a matsakaici mutum ya riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, nauyinsa ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma kusan kilo ɗayan ne ya zube. Ba wanda ya ce musu su rage ci. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne sun fi saurin cinye abincin masana'antar, domin laushi gare shi, ba ya neman tauna. Saƙon ƙoshi kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi daga hanji ya isa ƙwaƙwalwa. Mai saurin haɗiya ya riga saƙon isa.

Mutum 20 ba su da yawa, mako biyu ba shekara ba ne. Kuma tsarin Monteiro yana da masu suka, da hujjarsu: burodin alkama mai dusa da kamfani ya gasa yana iya faɗawa rukuni na huɗu, alhali fanken da aka tsamo daga mai a tsakar gida ya tsira. Wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2025 ya ba mutane abinci iri biyun, duka an tsara su bisa ƙa'idar cin lafiya, mako takwas kowanne. Duka biyun sun sa an rage nauyi, amma wanda bai sha sarrafawa ba ya ninka ɗayan, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki a kan kashi 1. Bambanci ne na gaske, sai dai ba irin wanda masu talla ke zuzutawa ba.

Mu dawo gida, inda maganar ta fi daɗi kuma ta fi ciwo.

Tun kafin wani kamfani ya zo, muna da namu sarrafawar, ita ce surfe. Ana zuba masara ko dawa a turmi, ko a kai inji, a cire dusa, a wanke, a shanya, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi har gari ya yi fari sol. Tuwon da ya fi fari da santsi shi ne na fita kunyar baƙo. Dusar kuma a zuba wa awaki da kaji. To a cikin dusar nan da ƙwayar idon hatsin ne mafi yawan faiba take, wato ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa, tare da bitamin da ma'adinai. Tarihin gano bitamin ma daga nan ya faro. A shekarun 1890, a tsibirin Jaba na Indunusiya, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman ya ga kajin da ake ba farar shinkafa suna shanyewar ƙafa, waɗanda ake ba mai dusa kuma lafiya lau. Abin da ke cikin dusar shi ne daga baya aka sani da bitamin B1, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1929. Wato awakinmu sun daɗe suna cin rabo mai kyau.

Denis Burkitt, likitan tiyata da ya yi kusan shekara ashirin yana aiki a Yuganda, ya shafe shekarun 1970 yana yi wa Turawa wa'azi da abincin ƙauyukan Afirka. Ya ce cututtukan da suka cika asibitocin Ingila, irin su taurin bayan gida da basir da kansar babban hanji, bai cika ganinsu a karkarar da ya yi aiki ba, kuma ya danganta hakan da yawan faiba a abincin mutanen. Ya ɗan wuce gona da iri a wasu wurare, amma ginshiƙin maganarsa ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau tana cewa baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Kofi guda na dafaffen wake ya kusa biyan rabin faibar. Abin takaici, a daidai lokacin da Bature ya koma neman dusa yana biyan kuɗi mai yawa a kanta, mu kuma muka koma semo da farar taliya da farin burodi, muna ganin ci gaba ne.

A Jos ba mu da uzurin rashin kaya. Tudun nan ya kai mita 1,200 daga doron teku, sanyinsa ya sa kabeji da karas da latas da koren wake da koren tattasai ke yi kamar ba a Najeriya ba, har da sitiroberi a wajen Vom. Ramukan da haƙar kuza ta bari sun zama tafkunan noman rani. Ga acca, wadda mutanen Filato suka riƙe tun kaka da kakanni. Kan acca sai na tsaya, domin an ɗora mata abin da ba ta ce ba. Ana sayar da ita a matsayin maganin ciwon suga. Ba magani ba ce, hatsi ce mai sitaci kamar 'yan'uwanta, kuma wanda ya nada malmala uku na tuwon acca sugansa zai hau. Abin da ya sa gwaten acca ya yi fice ga mai son rage ƙiba shi ne yadda ake girka shi: accar 'yar kaɗan ce, sauran duk ruwa ne da yakuwa da alayyahu da gauta da kabeji. Kwano ya cika, ciki ya cika, kalori kaɗan. Wannan dabarar ce a cikin faten wake da ganye, da kwaɗon zogale ko rama, da dambun da aka cika wa ganye. Matan da suka ƙirƙiro su don auki suka yi, don tiya ɗaya ta ciyar da gida, amma lissafinsu ya yi daidai da na Susanna Holt.

Wata yayata ta yi rantsuwa bara cewa ta rabu da kayan leda. Bayan wata uku na je gaishe ta, ta tare ni da ƙorafi. "Ƙanena, ni fa wannan abin naku ƙarya ne. Ba indomi, ba biskit, ba lemo, amma ko zanina bai san na yi ba." Muna maganar tana kan murhu, sai na ga ta kamfato manja da ludayin miya ta zuba, ta ƙara rabi. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce, "Manja ne mai kyau, ɗan asali, ba haɗi." Gaskiyarta, ba haɗi. Amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko suga 4. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai, manja ne ko man gyaɗa ko man shanu ko zaitun ɗin da ake sayowa da tsada, kusan kalori 120 ne. Ludayin da ke ɗaukar cokali biyar ya kai 600, kwatankwacin abincin rana guda na wani. Ga ƙosai da safe, ga awara da yamma, ga waina, duk daga cikin mai suke fitowa. Waken da aka yi ƙosai da shi shi ne na alale, amma ɗaya ya sha mai, ɗaya ya sha turiri.

Sai abin sha, wanda a ganina nan ne ɓarnar ta fi yawa kuma nan ne gyara ya fi sauƙi. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da suga wajen giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu ko fiye. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, abin da ya kama kusan giram 50 ga matsakaicin baligi, kuma in an iya rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yini ke nan. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022, harajin da a farashin yau ba wanda zai ji shi a aljihu. Amma kada mu tsaya kan lemon kamfani. Zoɓon biki, kunun aya, kunun zaƙi, furar da aka dama da suga har cokali na neman tsayawa, da shayin mai shayi da ake kwarara wa madarar gwangwani a sanyin Disamba, duk hanji ba ya tambayar inda aka haɗa su. Hatta zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, hukumar ta lissafa su cikin sugan da za a taƙaita. A wani gwaji da aka yi a Biristol a 1977, an ga mutane sun shanye ruwan tuffa sau goma sha ɗaya fiye da saurin da suke cin tuffar da kanta, kuma yunwa ta fi saurin dawo musu. Mai shan rake ya san wannan ba tare da bincike ba: kafin ya gama gaɓa huɗu muƙamuƙinsa ya gaji.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma shi ne abokin hawan jini. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali guda. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kuma akwai tukunyar da ake jefa wa shida sannan a ƙara gishiri a kai. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi suna rage buƙatarsa, in aka ba harshe 'yan makonni ya saba.

Duk da haka, wanda ya ce a guji duk wata sarrafawa bai san abinci ba. Rogo mai ɗaci in ba a jiƙa shi an tsane an soya ko an shanya ba, kisa yake yi. Madarar da aka tatso ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fukan shanu. Latas da kabejin da aka yi wa ban ruwa da ruwan da ba a san asalinsa ba sai an wanke su sosai, in ba haka ba a je neman lafiya a dawo da taifot. Surfen da na soka ɗazu yana rage gubar fumfuna a masarar da ba ta bushe da kyau ba, don haka mai son tuwo da dusarsa sai ya tsince hatsinsa tsaf. Gishirin leda da aka sa wa aidin, wanda doka ta wajabta tun 1993, shi ya rage maƙoƙon da a da ake yawan gani. Tun 2002 kuma ake sa bitamin A a fulawa da suga da man girki na kamfani. Kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir duk sarrafawa ce, irin wadda galibi ruwa ne take cirewa.

Akwai kuma maganar da masu ba da shawara ba sa son taɓawa, ta lokaci da makamashi. Wake yana cin awa guda ko fiye a kan wuta, indomi minti kaɗan. Ɗalibin da ke zaune a ɗaki ɗaya a Unguwar Rogo da ɗan ƙaramin gas, ko matar da ta tashi daga aiki ƙarfe biyar ta tarar ba wuta, firji ya zama kabad, ba jahilci ne ya kai su ga leda ba. Abin da ke taimakawa ƙananan dabaru ne: a jiƙa wake tun dare, a dafa na kwana biyu a lokaci ɗaya, a ajiye busasshen zogale, a sayi abin da yake kakarsa. Ko indomin ce, in aka raba ta biyu aka cika da kabeji da karas da dafaffen ƙwai, aka zubar da rabin garin ɗanɗanon, ta zama wani abu daban. Kuma shawarar rage mai ba ta kowa ba ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 12 kuma ramammu ne, sannan kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Sau da yawa a gida ɗaya ake samun uwa mai teɓa da yaron da bai kai tsawon sa'anninsa ba. Yaron nan ƙwai da gyaɗa da mai da nono yake buƙata, kada a haɗa shi da tsarin uwarsa.

Mu kuma al'adarmu ba ta taimaka ba. Amarya in ta yi ƙiba a ce hankalinta ya kwanta, magidanci in ya ajiye tumbi a ce kuɗi sun zauna, wanda ya rame kuma a fara tambayarsa ko lafiya. A gefe guda ga masu shayin rage tumbi, wanda galibinsa gudawa da yawan fitsari yake sawa. Ruwa ne ke fita, kitse na nan daram. Alhali abin da ake nema bai kai yadda ake tsoro ba. A wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2002, mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ke nan. Wanda ya riga ya fara shan maganin suga ko allurar insulin, ya gaya wa likitansa kafin ya sauya ci, domin suga na iya faɗuwa ƙasa fiye da kima.

Sikeli ma ba dole ba ne. Kitsen da ya fi haɗari shi ne wanda ya taru a ciki ya kewaye hanta da hanji, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da ma'auni mai sauƙi a 2022: kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. A samu igiya, a auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita ɗan sama da cibiya, ba tare da an shanye numfashi ba; in bakinta bai haɗu ba, ƙugun ya wuce ƙima. Yayata ta gwada a gabana, ta yi tsaki ta jefar da igiyar, amma da na koma bayan sallah na tarar ta sauya ludayin man da cokali. Ni kuwa tawa igiyar har yanzu saura yatsa uku bakinta ya haɗu.